Katin Aro

Ran Talata ina bayan ƙofar ofis ina ɗaura takalmi na ji ɗayanku yana cewa aikin mandub ba aiki ba ne, tunda yanzu komai a waya yake, ka danna nan, ka danna can, khalas, an gama. Sauranku kuka yi dariya. Ban fito ba, na bari kuka gama shan shayinku. Wata mai zuwa zan koma Zariya in Allah ya yarda, jakar nan kuma ku za a miƙa wa, saboda haka na ce gara in rubuta muku abin da ke cikinta tun ina da sauran haƙuri.

Da tuƙi na shigo Doha. Shekara huɗu ina jan bas ɗin da ke kai matan kamfaninmu shara a makarantu da ofisoshi, kafin aka haɗa ni da tsohon mandub ɗin kamfanin in riƙa tuƙa shi, don idonsa ya fara rauni. Mandub shi ne ɗan aiken da ke yawo da takardun ma'aikata: iƙama, wato izinin zama, da katin lafiya, da takardar gwajin asibiti, da duk abin da hukuma ke so a sabunta. Sunan tsohon Amm Usman. Mutumin Sudan ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka tsaya a hanyar Makka ba su ƙarasa ba, kuma yana jin wata irin Hausa tsohuwa wadda ko kakata ta daina. Ɗan Zazzau yake ce mini, ko da rana ɗaya bai kira sunana ba.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in tsaya a layi. A lokacin sai ka je da ƙafarka, ka karɓi lamba, ka zauna har a kira ka. Na yi awa uku, na isa gaban taga, matar da ke ciki ta dubi hoton da na manna ta turo mini takardar baya, wai bayan hoton fari ne, shuɗi suke so. Na dawo mota ina huci. Amm Usman ya buɗe jaka ya ciro ambulan, ashe yana da hoton matar iri biyu tun safe. Na ce to me ya sa ba ka ba ni ba? Ya ce, "Da na ba ka, da gobe ma ka manta." Tun daga ranar kowace ma'aikaciya hotonta iri biyu nake ajiyewa, har yau da ba a cika tambaya ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Biro shuɗi guda uku, don baƙi wani lokaci a ce maka kwafi ne. Hatimin kamfani, wanda ba a barinsa a mota saboda zafi yana narkar da robarsa. Waya biyu. Sai babban abin, fayil mai aljihu goma sha biyu, aljihu ɗaya ga kowane wata. Ƙa'idar Amm Usman ita ce ba a sa takarda a aljihun watan da za ta ƙare, a aljihun wata biyu kafin nan ake sa ta. Katin da zai mutu a watan tara, a aljihun watan bakwai yake kwana. A kowane aljihu kuma kwafin katin lafiya ne a gaba, sauran takardu a baya. Na taɓa tambayarsa dalili, tunda iƙama ce ake cin tara a kanta. Ya ce tara kamfani ke biya, ciwo kuwa mai jiki ke biya.

Bari in faɗa muku mene ne katin lafiyan nan, don na lura kuna ɗaukarsa kamar katin shiga bas. Gwamnatin ƙasar nan ce ke ɗauke da kusan duk nauyinsa. Mace mai albashin shara, in katinta na raye, za ta je awon ciki, a duba jininta, a haska cikin, ta haihu a kan gado mai tsabta, a yi wa jaririnta rigakafi, abin da za ta fitar daga aljihunta kaɗan ne. Abin da kamfani ke biya na sabunta katin a shekara bai kai kuɗin taya ɗaya ta bas ba. Amma sai iƙama na raye ake sabunta shi, su biyun tare suke tafiya. In mandub ya yi barci, duk tanadin da gwamnati ta yi yana nan, matar ce kawai ba za ta iya kaiwa gare shi ba.

Akwai kuma jan maƙali. Duk matar da ke da ciki ko goyo, Amm Usman yakan maƙala jan maƙalin takarda a kan nata, kuma ko me ake ciki ita ake fara yi wa. To amma ta yaya namiji zai san mace na da ciki? Kun san matanmu. Ba za ta tare ka ta ce maka tana da ciki ba, balle cikin fari, wanda ko uwarta sai dai ta gane da ido. Hanyar ita ce Mma Lami. Ita ce shugabar gidan da kamfani ya kama wa mata a Mu'aither, 'yar Zangon Kumasi, dattijuwa mai faɗa da kirki a haɗe. Farkon kowane wata sai mu je mu tsaya a bakin get, don namiji ba ya shiga, ta fito da kujera ta zauna, a gaisa, a yi zancen tsadar doya a kantin 'yan Afirka. Can cikin hira sai ta ce wance kwanan nan ba ta son warin sabulun mopin. Shi ke nan, mun ji, sai jan maƙali. Wannan zaman bakin get rabin sana'ar ne, kuma ba ya cikin wayar da kuke taƙama da ita.

Wata dabara ta tsohon ita ce lambar waya. Matan nan suna yawan canza layi, wata ta sayi sabo saboda garaɓasar kiran gida, ta jefar da tsohon. Sai asibiti su kira ba su samu kowa ba. Don haka a fayil ɗin kowace a asibiti, lambar mandub ake sawa ta biyu. Da Amm Usman ya yi ritaya ya koma Sudan, ya bar mini jakar da ƙaramar wayar nan baƙa mai madannai. Ita ce wayar da kuke yi mini tsiya a kanta.

Haka na yi shekaru ba abin da ya ɓaci, har annobar korona ta zo.

Aka rufe makarantu, aka rufe ofisoshi, jirage suka tsaya. Matanmu fiye da rabi suka zauna a gida ba aiki. Mudir, wato manajanmu, ya kira ni ofis, bakinsa da takunkumi, ya ce daga yau duk wadda ba ta fita aiki kada a sabunta mata komai sai an ga yadda hali zai yi. Ya ce ai hukuma ma ta sassauta, ba wanda zai kama kowa a kan iƙama a wannan yanayi.

Na ce, "Mudir, iƙama dai to, amma katin lafiya fa? Lokacin ciwo ne."

Ya ce, "Idris, mai korona kyauta ake duba shi, da kati ko ba kati. Wata biyu ne kawai. Yalla, je ka, ina da aiki."

Gaskiya ya faɗa a kan korona, sai dai ba korona ce kaɗai cuta a duniya ba, kuma na san haka. Na yi maganar sau ɗaya, ban yi ta biyu ba. Ni ma ina tsoron kada a ce da ni in zauna a gida. Na duba aljihun watannin, na ga ba jan maƙali a cikin waɗanda za su ƙare, na ce to da sauƙi. Na haɗa aljihu uku na ɗaure da roba. Zaman bakin get kuma na daina, tunda an hana taruwa, sai dai in kira Mma Lami a waya in ce lafiya, ta ce lafiya lau. A waya ba wanda ke kawo zancen sabulun mopin. Wata biyun Mudir suka zama huɗu.

Wata safiya da zafi, wajen ƙarfe goma, ina ofishinmu na Al Rayyan ni kaɗai, baƙar wayar ta yi ƙara. Wata nas ce daga asibitin unguwa. Ta ce tana neman Hajara, ɗaya daga cikin matanmu, sun kira layinta a kashe. Ta ce ba za ta iya gaya mini bayanin mara lafiya ba, amma jiya Hajara ta zo awon ciki, an ɗebi jininta, sakamako ya fito yanzu, kuma lallai a kai ta sashen gaggawa na asibitin mata, ba gobe ba, ba da yamma ba, yanzu. Ta maimaita yanzun har sau biyu.

Na ce to, na ajiye wayar. To amma ni na kai Hajara filin jirgi da hannuna sati biyu kafin a rufe hanya. Ta tafi hutu Kumasi wurin 'ya'yanta uku, kuma tana can ba ta samu dawowa ba. Katinta yana raye don na sabunta shi kafin ta tafi. Ke nan akwai wata mace a garin nan mai ciki, tana yawo da katin Hajara, jininta ya nuna abin tsoro, ita ba ta sani ba, ni kuma ban san ko wace ce ba.

Kada ku yi mamaki. Mu mutanen aro ne. A gida ana aron turmi, ana aron zanen biki, maƙwabciya ta aiko a ba ta tukunya ba wanda zai ce don me. Matan nan ba su ɗauki kati a matsayin wani abu dabam ba, 'yar'uwa ba ta nan, kayanta na ajiye, wata na cikin buƙata. Ga kuma takunkumi ya rufe fuskar kowa, ba mai cewa ki buɗe in gwada da hoto.

Na ɗauki mota na nufi Mu'aither. Titi fayau, ba kowa. Na buga get, Mma Lami ta leƙo, ta tsaya nesa da ni kamar yadda aka ce a yi.

Na ce, "Mma, wa ke da katin Hajara?"

Ta ce, "Katin Hajara yana cikin akwatin Hajara."

Na ce, "Ɗauko mini in gani."

Ta ce mabuɗin ya ɓata. Na gaya mata abin da nas ta ce. Ta ce ita ba ta san komai ba, kuma in ma ta sani an sa ta rantsuwa. Ta ce, "Baba Idi, kai mutumin ofis ne. In na faɗa maka, Mudir ya ji. In Mudir ya ji, tikiti ne, a tura yarinya gida da ciki ba ko sisi. In asibiti suka ji, 'yan sanda ne. Ka bar mu, za mu ba ta magani a nan."

A rayuwata ban taɓa ɗaga wa dattijuwa murya ba sai ran nan. Na ce mata wannan ba ciwon da ake jiƙa wa magani ba ne. Na ce ina jin hawan jinin masu ciki ne, irin mai kawo jijjiga, kuma na ga yadda ya ɗauki ƙanwar matata a Zariya tsakanin azahar da la'asar. Ta shige ciki ta rufe get. Na tsaya a rana ina bugawa. Na fi awa ɗaya a wurin, ina jin muryoyinsu a ciki suna gardama, wasu na cewa a faɗa, wasu na cewa a'a. Wannan awar har yau tana damuna.

Da ta sake buɗewa ta riga ta saka mayafi da takalmi. Ta ce, "Ramatu ce. Ba ta nan, tana ɗakin mijinta a Mesaimeer. Mu je, Allah ya yafe mini rantsuwar."

Ramatu yarinya ce mai shekara ashirin da 'yan kai, 'yar Zangon Accra, mai shiru-shiru. Shekara guda kafin nan ta auri wani mai gadi, Garba, mutumin Katsina, ni na ma kai takardar aurensu aka buga mata hatimi. Katinta yana cikin aljihun da na ɗaure da roba. A hanya Mma Lami ta ba ni sauran labarin. Cikin wata bakwai ne, na fari. Kunya ta hana ta faɗa da wuri, ko Mma Lami sai da ya girma ta gane. Da ta shirya zuwa awo sai ta tarar katinta ya mutu, ta ji kuma ana ta sallamar mutane a kamfanoni, ta ji tsoron tambayata. Ta zauna ba awo ko sau ɗaya, har ƙafafunta suka kumbura takalmi ya daina shiga. Sannan ne suka buɗe akwatin Hajara. Suka koya mata in an tambaye ta ta ce haihuwa ta huɗu ce, sauran ukun lafiya lau, kamar yadda yake a fayil. Nas ta yi aikinta daidai, amsoshin da aka ba ta ne na wata mace dabam.

Ɗakin nasu wani falo ne da aka yanka da katako gida huɗu. Garba yana wurin aiki. Mma Lami ta shiga, ni na tsaya a ƙofa, labule a ɗage. Ramatu na zaune a bakin katifa ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau. Fuskarta ta kumbura har ban gane ta ba da farko. Ta ce tun asuba kanta ke sarawa, kuma tana ganin wasu abubuwa na walƙiya a idonta. Da ta gane ni sai ta ja mayafi ta rufe cikin, ta fara kuka.

Ta ce, "Baba, don Allah kar ka faɗa. Zan mayar da katin."

Na ce, "'Yata, ba kati na zo karɓa ba. Tashi mu tafi asibiti."

Ta ce in ta je za a kama ta. Muna cikin haka na kira motar asibiti, ban jira yardarta ba. Kafin su iso jijjigar ta kama ta. Mma Lami ta riƙe kanta, ta juya ta gefe, tana salati. Ni ina ƙofa, jaka a hannu, ba abin da na iya yi. Masu motar sun zo da sauri, Allah ya saka musu.

A asibiti, a teburin karɓar marasa lafiya, aka ce in ba da katinta. Ina da biyu a hannu: na Hajara da Mma Lami ta ciro daga jakar Ramatu, da nata na gaskiya wanda ya mutu wata uku da suka wuce. Mma Lami ta kama hannun rigata, ta ce a hankali in ba da mai rai. Na san in na ba da shi, likita zai yi aiki da tarihin wata, kuma abin da za a haifa za a rubuta shi ɗan Hajara. Na miƙa mataccen, na ce wannan ce ita, gwajin jiya kuma yana ƙarƙashin wannan ɗayan sunan, ku haɗa.

Matar da ke teburin ta karɓa, ta buga lambar, ta ɗaga waya ta sanar da likita. Ko kallon kwanan watan ba ta yi ba. An riga an wuce da Ramatu ciki tun kafin in buɗe jaka. Ba wanda aka taɓa kora daga ƙofar gaggawa saboda kati, ni na san haka shekara da shekaru, ita ce ba ta sani ba, kuma ban taɓa zama na gaya musu ba.

Aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, ƙarama ƙwarai. Aka sa ta a kwalba. Garba ya zo da kayan gadinsa a jiki, aka bar shi ya gan ta ta bayan gilashi, daga nan ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarsa. Kwananta biyar ta rasu, ba ta kai ranar suna ba. Mu shida muka yi mata sallah, don lokacin ba a barin taro, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Garba ya ɗauke ta a tafin hannayensa biyu. Likita ya ce da an fara awo da wuri, da an ga hawan jinin tun yana ƙarami an riƙe shi da magani, wataƙila cikin ya ƙara makonni. Wataƙila ya ce, bai yi alkawari ba. Ramatu ta rayu, bayan ta yi sati biyu a kwance.

Maganar aron katin an bincika. Na je na yi bayani da bakina, na faɗi cewa ni na bar nata ya mutu. Aka raba fayil ɗin biyu, aka ja kunne, aka duba halin da ake ciki aka bar maganar a nan. Washegarin jana'iza na shiga ofishin Mudir na ajiye masa aljihu ukun nan, na kwance robar a gabansa. Bai yi gardama ba, ya sa hannu. Na zauna a gaban kwamfuta na fara da na Ramatu, iƙama da katin lafiya. Na zuba shayi kafin in fara, har na gama aikin shayin bai huce ba. A nan kuna da gaskiya, aikin ba wuya. Na yi kuka a ofishin nan ni kaɗai, kuma ba na jin kunyar faɗa muku.

Shekara biyu bayan haka gasar cin kofin duniya ta matso. Garin ya cika da tutoci, kamfaninmu ya samu kwangilar shara a kewayen filin wasa na Al Rayyan, aka ɗebo sababbin mata da yawa. A lokacin ne kuma ake ta maganar sabon tsari, wai nauyin lafiyar ma'aikaci baƙo zai riƙa komawa kan inshorar da kafil, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya saya masa. Dillalan inshora suka fara zarya a ofis. Wani ya zo da takardu masu sheƙi, ya nuna wa Mudir tsari mai araha. Aka kira ni in kawo hatimi. Na ce a ba ni in karanta tukuna. A shafi na baya, cikin ƙananan rubutu, na ga abin da aka cire: awon ciki, haihuwa, da kula da jariri. Mudir ya ƙara da cewa tunda ga inshora, sabunta katin gwamnati ma a dakata da shi, kada a biya abu biyu.

Na ce, "Mudir, matan aure nawa ne a cikinsu?"

Ya ce, "Shara muka ɗauko su yi, ba haihuwa ba."

Dillalin ya yi dariya. Na buɗe aljihun farko na fayil, na ciro tsohon katin Ramatu na ajiye a kan takardar mai sheƙi. Mudir ya gane shi. Sannan na ajiye hatimin a gefensa, na ajiye mabuɗin mota, na ce in wannan za a sa wa hannu, a nemi wani ya buga, ni na gama. Na faɗi haka ne alhali ina da 'ya'ya biyu a jami'a kuma ban san inda zan nufa ba.

Kada ku ɗauka tausayi ne ya kama shi. Saura makonni a fara wasa, takardun sababbin mata sun cika tebur, kuma ba wanda ya san kansu sai ni. Ya dube ni, ya dubi tulin takardun, ya ce, "Khalas, Idris, ɗauki kayanka." Aka sayi tsarin da ya haɗa da ciki da jariri, aka ci gaba da sabunta katin gwamnati. Lokacin wasannin ina jin ihun 'yan kallo daga filin, ni ina cikin mota a bayan shinge ina jera kwafin katuna a aljihunsu. Ban kalli wasa ko ɗaya ba, ban kuma ji na yi asara ba.

Abin da nake so ku gane shi ne ba a ci wannan yaƙin an gama ba. Kowace shekara in lokacin sabuntawa ya zo, wani zai zauna da biro yana neman abin da zai soke, kuma idonsa a kan layin masu ciki da jarirai yake fara sauka, don su ba sa zuwa taron, ba su ma san ana yi ba. Sau biyu aka sake kawo maganar bayan gasar, sau biyu na sake ciro katin. Badi ba na nan. Wanda ke riƙe da hatimi a cikinku shi kaɗai ne zai kasance a ɗakin a madadinsu. Ku karanta shafin baya. Ku bar baƙar wayar a kunne, ku sa mata caji. Farkon wata ku je Mu'aither ku zauna a bakin get, ko da Mma Lami za ta yi muku faɗa a kan askinku, ku saurari abin da za ta ce game da sabulun mopin. Ku kuma gaya wa kowace sabuwa, da bakinku, cewa ba a aron kati kuma ba a korar kowa daga ƙofar gaggawa.

Bayan gasar da 'yan watanni, ina zaune a bakin get ɗin nan muna hira da Mma Lami, sai ga Ramatu ta sauko daga bas. Ta zo har gabana ta durƙusa ta gaishe ni. Ga mata a tsaye, ga direba yana ji, ta ɗaga kai ta ce, "Baba, ina da ciki, wata biyu. Ka duba mini katina." Mma Lami ta rufe baki da mayafi. A shekaruna duka ban taɓa jin 'yar Hausa ta faɗi wannan ga namijin da ba mijinta ba, kuma na san abin da ta biya kafin ta iya faɗinsa. Na ce mata yana raye, na kuma ciro jan maƙali na maƙala a gabanta ta gani.

Ta je awo tun daga watan nan har ƙarshe. Hawan jinin ya sake leƙowa a wata na shida, aka gan shi, aka riƙe shi. Ta haifi namiji, mun ci tuwon suna a ɗakin katakon nan na Mesaimeer. Na so in mayar mata da tsohon katin ran nan, ta ce a'a, in bar shi a jakar, a can ya fi amfani.

Yana aljihun farko, a gaba. Ya mutu tuntuni, kada wani mai son tsabta a cikinku ya jefar da shi. Sabon katinta zai ƙare a watan tara, na yaron a watan goma sha ɗaya, kwafinsu na aljihun watan bakwai da na watan tara. Ku fara da su.